Babi na Bakwai: Idan Tsohon Gida Ya Koma Hannun Hukuma

Tun daga shekarar 1911, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasar Zazzau za ta Kano, aka kafa tasha a arewacin birnin Zariya, can ƙetaren rafin Kubanni, sai wani gari da ake kira Sabon Gari ya tsiro a gefen dogo, wanda ba shi da ganuwa, ba kuma wata kabila guda da za ta bugi ƙirji ta ce ita kaɗai ta sare shi, domin Yarabawa da Ibo da Nufawa da Kwarori da Hausawan da suka biyo cinikin auduga da gyaɗa duk sun zo, kowa ya kafa gida gwargwadon ƙarfinsa da irin ginin da ya saba gani a garinsu. Bayan shekara 11, wato a 1922, Turawan gona suka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda daga bisani ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da aka buɗe ta a 1962. A tsakanin waɗannan shekaru aka yi gine-ginen da har yanzu, in mutum ya bi titunan Sabon Gari a ƙafa bai yi gaggawa ba, zai ga ragowarsu: gidajen ma'aikatan reluwe, da kantunan kamfanoni irin su Paterson Zochonis da unguwar PZ ta ci sunansa, da gidajen bariki masu faɗin baranda, da benayen attajirai masu tagogin katako da matakala a waje. Waɗansu suna nan da mutane a ciki, waɗansu an kulle su shekara da shekaru, waɗansu kuwa sai dai dattijo ya nuna maka jerin shaguna ya ce da a nan gidan wane yake.

Abin da wannan babi zai duba shi ne ko ya dace hukuma, musamman ƙaramar hukuma wadda ita ce mafi kusa da talaka, ta karɓi irin waɗannan manyan gidaje ta mayar da su ofisoshinta, maimakon ta bar su su rushe alhali tana kashe kuɗi wajen gina waɗansu ko biyan haya. Ni dai ra'ayina ya dace, amma da sharaɗi mai nauyi, wanda in ba za a cika shi ba gara a ƙyale gidan a hannun masu shi.

Sai mu fara da sanin abin da ke kashe babban gida a ƙasarmu, gama wanda bai san cuta ba ba ya ba da magani. Galibi rabon gado ne ke fara taɓa shi tun ruwan sama bai gama da shi ba. Attajiri ya rasu, ya bar matan aure da 'ya'ya masu yawa, waɗansu sun manyanta, waɗansu marayu ne ƙanana. Alƙali ya zauna ya fitar da tumunin mata, ya ba namiji rabon mata biyu kamar yadda Shari'a ta hukunta, sa'an nan aka zo kan gida, aka ga ba ya rabuwa sai da ɓarna, to hukuncin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai shi ne a yi masa kima a sayar a raba kuɗin. Magadan suna da haƙƙin shufa'a, wato su suka fi cancanta su saye rabon 'yan uwansu kafin bare, amma da wuya a sami guda a cikinsu mai ƙarfin da mahaifinsu ya yi. Mai sayen da zai zo daga waje kuwa fili yake so a bakin titi, ginin da ke kai nauyi ne a gare shi, kafin wata ya zagayo an kawo katafila. Ba wanda ya yi zalunci a cikin wannan al'amari, kowa haƙƙinsa ya karɓa, maraya ma ya sami abin da za a yi masa hidima, amma gari ya yi hasarar da ba a rubuta ta a takardar rabo ba. In kuwa magadan suka ƙi sayarwa don girmama mahaifi, suka kuma kasa haɗa kuɗin gyara saboda kowa na jiran ɗan uwansa, sai gidan ya mutu a tsaye, gara ta ci azara, jemagu su gaje soro.

Zaman hukuma a cikin gidan mutum kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, hasali ma shi muka gada. Kafin zuwan Turawa, babu wani gini a birnin Zariya ko Kano ko Katsina da za a nuna maka a ce wannan ofis ne. Zauren hakimi shi ne wurin karɓar haraji da sauraron ƙara, zauren alƙali shi ne kotu, soron ma'aji shi ne taska, kuma magina sun san haka, shi ya sa suke tsara babban gida hawa hawa, daga dakalin ƙofar gida inda kowa ke iya zama, zuwa zauren farko inda ake sallama da baƙo, zuwa shigifa inda sai wanda aka yi wa izini, har zuwa cikin gida inda bare ba ya shiga. Turawa ne, bayan sun ci Zariya a 1902 da Kano a 1903, suka raba aiki da gida sannu a hankali: suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, suka kafa baitulmali, suka yanka wa masu sarauta albashi, suka gina ofisoshin En'e da teburori da kabad na fayil. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa wannan rabuwa, ya ɗauke mulkin yau da kullum daga hannun En'e ya miƙa wa majalisun da suka kai 301 a lokacin, waɗanda yanzu suka zama 774, kowace kuma tana ganin darajarta ba ta cika ba sai ta gina sakatariya ta bulo da kwano a bayan gari.

Misali mafi kusa da mu na abin da nake nufi yana Kano, kuma gidaje biyu ne. Na farko Gidan Makama, wanda tarihi ya danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tun kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Da Turawa suka shiga Kano sun yi amfani da shi na ɗan lokaci a matsayin wurin aikinsu, daga baya aka kasa shi, wani sashe ya zama makaranta, wani ya zama gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wani kuma ya saura ga mai sarautar Makama. Duk wanda ya san yadda ginin ƙasa yake, ya san ba tubalin zamanin Rumfa ne ke tsaye a kowane bango ba, an sha yaɓe an sha tayar da abin da ya faɗi; abin da ya tsira shi ne gidan da tsarinsa da sunansa, kuma ya tsira ne domin ba a taɓa barinsa ba kowa ba.

Na biyu, wanda ya fi dacewa da zancenmu, shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa. Hanns Vischer, mutumin Suwizalan da ya shiga aikin gwamnatin Ingila, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen, shi ya zauna a gidan ya faɗaɗa shi da hannun maginan Kano, a zamanin Sarki Abbas. A nan unguwar ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa cikin 1909, inda aka fara da malamai, sa'an nan 'ya'yan sarakuna, aka kuma koyar da sana'o'in hannu, a nan ne kuma ya yi aikin daidaita ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko, waɗanda wannan littafi ma da jikokinsu aka rubuta shi. Baturen da ke da ikon ya sa a kawo masa kwano da siminti daga Ikko ya zaɓi ya zauna a ƙarƙashin azara da ƙasa, a gida mai zankwaye da zane a goshi, kuma ko me mutum zai ce game da manufar mulkin da ya yi wa aiki, wannan zaɓi nasa ya nuna ya gane abin da yawancin jikokin maginan suka manta, cewa bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyin dare ya bayar da shi da rana, yana kuma tare hunturu. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ma'aikata na shiga da safe su tashi da yamma, ɗalibai da baƙi na zuwa kallo, kuma ya haura shekara 100 yana aiki, alhali gidaje da yawa na sa'o'insa a Nassarawa sun zama tarihin baka.

Haka tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, ya zama gidan tarihi bayan makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can kuma ta zo Zariya. Gidan Sardauna Ahmadu Bello na Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, ya zama Arewa House a 1970 da himmar Farfesa Abdullahi Smith, yana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai gari ɗaya ba ya ɗaukar gidajen tarihi goma, ba kowane tsohon gida ne kuma aka yi wani babban abu a cikinsa da zai jawo masu ziyara ba. Gidan attajirin auduga na Sabon Gari, in aka ce sai ya zama gidan tarihi za a kiyaye shi, to an yanke masa hukuncin rushewa ke nan. Ofis kuwa yana kawo abin da gini ke bukata kullum: mai shara da zai ga garin da gara ta zubo a gindin bango, mai gadi da zai ji ɗigar ruwa da dare, akawun da zai yi ƙara in rufi ya jiƙa masa fayil, da kuma kasafin kuɗi da ake sabuntawa kowace shekara.

Yanzu ga sharaɗin. Hukumar da ta karɓi tsohon gida ta zama maigida, kuma wajiban maigida sun hau kanta, ko shugabanta ya sani ko bai sani ba. Ginin ƙasa yana da ibadarsa ta shekara shekara, wadda kowane magidanci na da ya sani ba tare da an koya masa ba. Da zarar kaka ta wuce, rani ya kama, magini zai hau soro ba takalmi, yana takawa a hankali yana sauraron inda ƙasa ta yi taushi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tone tsagar da ya gani ya cike ta, ya zare ciyawar da ta tsiro a bakin indararo, ya duba ko indararon ya karkace har ruwa na bin bango maimakon ya zuba nesa da shi. A ƙasa kuma yara na kwaɓa birji da ciyawa, ana barinsa ya kwana ya ruɓa, ana jiƙa makubar ɗorawa don yaɓen bango, inda kuma ake son abin ya daɗe sai a haɗa laso, da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, a shafe rufi da rawanin gini da shi. Samaru na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma soron da aka tsallake masa wannan hidima damina biyu ko uku, ruwan Agusta zai nemi hanyarsa har ya kai ga azara. Azarar giginya kuwa, ko da yake gara ba ta cika cinta da sauƙi ba, in kanta da ke cikin bango ya daɗe a jiƙe sai ya ruɓe, bakan gizon da ke ɗauke da rufin ya saki.

Babban abin tsoro daga ma'aikatan hukuma shi ne gyaran da ya fi sakaci ɓarna. Sashen ayyuka ya saba da bulo, ɗan kwangila ya saba da siminti, saboda haka abu na farko da za su yi wa bangon ƙasa shi ne su lulluɓe shi da filasta su shafa fenti, su ce an huta da yaɓe. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, ba ya kuma barin danshi ya fita. Ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ya tsaya a bayansa, bango na narkewa a ɓoye fuskarsa tana sheƙi, sai ran da filastar za ta ɓamɓaro gaba ɗaya a ga rami. Bayan wannan sai fasa bango a faɗaɗa taga, da huda shi a sa na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a jikinsa dare da rana, da jawo famfo da makewayi zuwa cikin soron da ba a gina shi don ruwa ba, da jibga kabad na ƙarfe cike da takardu a kan benen da aka yi don gado da tabarma. Gidajen bulo da katako na Sabon Gari ma suna da irin nasu: a toshe baranda a mayar da ita ofis, iskar da aka tsara gidan dominta ta yanke, sa'an nan a ce gidan zafi gare shi. Duk abin da ke bukatar ruwa ko nauyi ko injin, wurinsa wani ƙaramin gini ne sabo a bayan fili, inda dama can ɗakin girki da rijiya suke.

Akwai masu cewa tara jama'a a tsohon gini ganganci ne da rayuka, kuma maganarsu ba abar yarwa ba ce, mu mutanen Zazzau mun fi kowa sanin haka. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini na duniya suka riƙa zuwa kallon bakan gizonsa, wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar a watan Agusta na 2023, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. A Zanzibar ma, Baitul Aja'ib da Sarki Bargash ya gina a 1883, wanda Ingilishi suka mayar da shi ofisoshin gwamnatinsu, wani ɓangarensa ya zube a watan Disamba na 2020 ana cikin aikin gyaransa. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye gini a cikin manufofin Shari'a, babu jayayya a nan. Abin da wannan ke wajabtawa shi ne kada a shigar da ko tebur guda sai injiniya da magini na gargajiya sun duba gidan tare, kowa da irin idonsa, kuma su riƙa komowa kowace shekara. Gidan da suka ce ya wuce gyara a auna shi, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a sallame shi.

Sai yadda gidan zai shiga hannun hukuma, wanda a wurina ya kai batun yaɓe muhimmanci. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓe fili don maslahar jama'a, amma ofishin da za a riƙa yanke wa talakawa hukunci a cikinsa bai kamata a kafa shi a kan ƙorafin marayu ba, tun da malamai har saɓani suka yi a kan ingancin salla a gidan ƙwace, balle karɓar haraji. Magabata sun bar mana hanya. Darun Nadwa, gidan Ƙusayyu inda Ƙuraishawa ke shawara tun kafin Musulunci, Mu'awiya saye ya yi da kuɗi kafin ya mayar da shi gidan mulkin Makka. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya nemi gidan Abbas don faɗaɗa masallacin Madina, Abbas ya ƙi, suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya, sa'an nan shi da kansa ya bayar da gidan sadaka ga Musulmi. Saboda haka ko dai a saya da kimar da ɗan kasuwa zai biya, a biya kuma a kan lokaci, ko a yi haya mai tsawo wadda gyara ke kan hukuma kuɗin haya na shiga hannun magada, ko kuwa mai gida tun yana raye ya yi hubusi da shi, ya rubuta sharaɗinsa a gaban alƙali da shaidu. Wannan ta ƙarshe ta fi ƙarfi, domin mazhabarmu ta tsananta ƙwarai a kan sayar da gidan hubusi, shugaban da zai zo gobe ba shi da ikon ya yanka filin ya raba wa na kusa da shi. Ya kyautu kuma a bar sunan mai gidan a goshin ƙofa, jikokinsa su riƙa wucewa suna gani.

Ƙaramar hukumar Sabon Gari tana da abin da mafi yawan takwarorinta ba su da shi. Ƙasarta ta miƙe daga Muciya da Cikaji har Samaru da Basawa da Bomo, sakatariyarta tana Dogarawa, kuma ba kowace bukata ce ta cancanci tsohuwa ta hau mota biyu dominta ba. Rajistar haihuwa da ta aure, takardar shaidar ɗan asali, karɓar kuɗin rumfunan kasuwa, zaman sulhu tsakanin maƙwabta, ɗakin karatu na unguwa, duk ayyuka ne marasa nauyi da tsohon gida mai zaure da inuwar tsakar gida zai ɗauka fiye da dogon barandar sakatariya, inda mai jira ke tsayawa a rana da takarda a hannu. A cikin iyakarta kuma akwai sashen koyar da zanen gine-gine na jami'a, wanda malamansa da ɗalibansa sun daɗe suna auna gidajen Hausa suna rubutu a kansu, akwai kuma zuriyar magina a cikin birni, ƙetaren Kubanni kaɗan, waɗanda sana'arsu ke ƙanƙancewa don rashin mai kira. Ɗalibai za su iya bin unguwa unguwa su rubuta kowane gida da ya haura shekara 70, da mai shi, da halin da yake ciki, majalisa ta zaɓi ɗaya tak ta fara da shi, a ɗauki magini aiki na dindindin kamar yadda ake ɗaukar direba da masinja.

Wurin da abin zai fi wuya shi ne ofishin ma'aji. Kuɗin hukuma na fitowa ne sa'ad da aka sa hannu, soro kuwa da kalandar ruwa yake aiki, kuma kuɗin yaɓen da ya fito a watan Yuli ba shi da amfani sai baɗi. Dole a ware wa gidan nasa layi a cikin kasafi, dabam da na sababbin ayyuka, wanda ba a taɓa shi don wata hidima, a kuma sake shi a Janairu ko Fabrairu, domin birji ya sami kwanakin ruɓa, yaɓe ya bushe sarai, magini ya sauko daga soro kafin hadarin farko na watan Afrilu.